Rigar da aka ɗinka wa wani: a ina matan jami'a ke maƙalewa?

Ka ɗauki jerin sunayen waɗanda suka shugabanci tsofaffin jami'o'in Arewa ka bi shi sannu a hankali. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya jerin ya faro tun 1962, daga Bature Norman Alexander, sai Ishaya Audu, har kawo na yanzu. A Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri ya faro daga shekarun 1970. Za ka ga masu hula, za ka ga masu kwat, amma ba za ka ga ɗankwali ko ɗaya ba. Kada kuma a ce ciwon Arewa ne kaɗai: Ibadan, uwar jami'o'in ƙasar nan da aka kafa a 1948, ita ma ba ta taɓa ɗora mace a wannan kujera ba. Sunayen mata suna nan a harabar, sai dai ka gangara wajen ɗakunan kwana kafin ka same su, Amina a Samaru, Nana a tsohuwar harabar Bayero.

Abin da ya sa batun ke da wuyar kamawa shi ne babu wata doka da za ka nuna da yatsa. Jarrabawar JAMB ɗaya ce ga kowa. Albashin lakcara mace da na namiji a mataki guda ɗaya ne, ko kwabo babu bambanci. Sharuɗɗan zama farfesa ba su ambaci jinsi ba. Duk da haka, ka leƙa ajin 'yan shekarar farko a tsangayar ilimi ko ta shari'a ka ga hijabai sun cika layukan gaba, sannan ka leƙa zauren da farfesoshi ke zama ka ƙirga matan da yatsun hannu. Ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin wancan aji da wannan zaure akwai wuraren da tulun ke yoyo, kuma su ne abin dubawa.

Sai dai kafin nan dole a warware rikicin kalma, don shi ke toshe kunnuwa. Da an ce “daidaito tsakanin maza da mata”, hankalin Bahaushe kan tafi wajen gado da shugabancin gida da limanci, sai ya ɗaure fuska. Yana da dalilinsa. A watan Maris na 2016, da Sanata Biodun Olujimi ta kawo ƙudurin daidaita damarmaki a Majalisar Dattawa, a kan addini da rabon gado aka kayar da shi tun a karatu na biyu, kuma har yau kalmar ba ta wanke ba. Abin da ake nema a jami'a bai shafi gado ba, kuma sunansa na gaskiya adalci. Telan da ya yanka wa 'yan gida goma riga da awo ɗaya ya daidaita su, amma bai yi musu adalci ba. Jami'armu riga ce da aka yanka a jikin wani mutum takamaimai: saurayin da ya gama sakandare yana ɗan 18, ba ya ɗaukar ciki, ba ya jego, zai iya kwana a aji yana karatun dare, zai iya hawa mota ya tafi taro Fatakwal ba tare da neman izinin kowa ba, in kuma ya girma ya zama malami akwai mai riƙe masa gida. Babu wanda ya ƙulla haka da mugunta. Waɗanda suka tsara ta, haka rayuwarsu take, sai suka ɗauka ta kowa ce.

A fara daga bakin ƙofa. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya kasa gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda galibinsu namu ne. Wato dai Najeriya ta daɗe da yarda cewa maki 220 na yaron da ya yi karatu a ajin da babu malamin lissafi ba ɗaya yake da 220 na wanda aka yi wa darasin gida tun firamare ba. Mu 'yan Arewa mun fi kowa cin moriyar wannan hujja, mun kuma fi kowa kare ta idan 'yan Kudu suka ce ana kashe cancanta. To da wane baki za mu ce hujjar ta lalace idan aka ɗauko ta domin yarinyar da ke tashi da asuba ta yi shara da wanke-wanke da tallan koko kafin ta tafi makaranta? Wasu ƙasashen sun gwada. Jami'ar Makerere ta Yuganda ta fara ƙara wa 'yan mata maki ɗaya da rabi wajen neman gurbi a 1990, aka yi ta surutu, amma a 'yan shekarun nan mata kan kai rabin waɗanda take yayewa, har su ɗan haura.

Ni dai ban ga ƙarin maki shi ne babban maganinmu ba. Maki yana isa ne ga wadda ta riga ta zauna jarrabawar, alhali asararmu ta fi yawa tun kafin nan, tsakanin aji uku na ƙaramar sakandare da aji uku na babba, inda aure ko rashin kuɗin WAEC ko nisan makaranta ke ɗauke yarinya. Wannan gurbi ne shirin AGILE na Bankin Duniya, na ilimin 'yan mata, ya nufa lokacin da ya fara a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno. Jami'a ba ta da iko a kan sakandare, amma tana da wani makami da muka saba da shi: karatun share fage, irin na makarantar ABU da ke Funtuwa. An ga amfaninsa a makarantun jinya da ungozoma. Wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Kano da Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara ya riƙa ɗauko matan karkara, da yawansu da aure da goyo, a ba su shekarar gyara kimiyyarsu da Turancinsu, a tanadar musu masauki da wurin raino. Mazan ma an zauna da su, an zauna da masu unguwanni. Waɗanda aka ce ba su “cancanta” ba suka ci jarrabawar shiga, wasunsu yau su ke karɓar haihuwa a garuruwansu.

A nan akwai wani abin mamaki a halinmu. Magidanci zai kai matarsa asibiti ya tayar da jijiyar wuya sai dai likita mace ta duba ta, kuma yana da gaskiyarsa. Amma shi ɗin ne zai ce 'yarsa ba za ta yi shekara shida a karatun likita ba, don kada ta tsufa a gida. Likitar da yake nema 'yar wani ce da ya daure. Har ta kai gwamnatocin jihohi irin su Kano da Jigawa sun riƙa kwasar 'yan mata suna kai su Sudan su karanto likitanci, wasu a Jami'ar Ahfad ta mata zalla da ke Omdurman, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa hanyar.

Mu ce ta shiga. Abu na farko da zai yanke hukuncin ko za ta gama ba wahalar darasi ba ne, gado ne, gadon kwanciya. Jami'o'inmu sun ninka yawan ɗalibai ba su ninka ɗakuna ba, sai ɗalibai suka watsu cikin unguwannin da ke kewaye suna haya. Namiji zai iya cusa kansa ɗakin aboki su kwana su takwas, ko ya raɓe a masallaci. Wahala ce, kuma ita ma abar dubawa ce. Mace ba ta da wannan zaɓin. A daren 22 ga Satumba, 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen haya a Sabon Gida, daf da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashi ɗalibai mata. Ba a yi mako biyu ba aka ɗauki wasu biyar a Dutsin-Ma, su ma a wajen haraba suke zaune. Idan irin wannan labari ya iso gida, uban ɗa namiji kan ce “ka dai kula da kanka”, uban 'ya mace kuwa cewa yake “haɗo kayanki”. Saboda haka ginin ɗakin kwanan mata a cikin katanga, da ruwa da fitila da mai gadi, ya fi taron ƙara wa juna sani ɗari amfani, ko da yake ba ya jawo tafi kamar taron.

Yajin aiki ma ba ya cin kowa daidai. ASUU ta yi wata tara a 2020, ta yi wata takwas a 2022. Ɗalibi namiji kan koma kasuwa ko ya kama sana'a, ya dawo ya ci gaba. Ɗaliba da iyayenta suka yi wa manemi alkawarin “sai ta gama”, idan shekara huɗu ta zama shida, alkawarin ba ya jurewa. A ɗaura aure, ta dawo aji da ciki, ko kuma angon da ya rantse zai bar ta ta ƙarasa ya sauya magana bayan an kai lefe. Wadda ta dawo kuwa sai ta tarar da dokokin da ba su san da ita ba. Naƙuda ba ta duba jadawalin jarrabawa. Wadda ta haihu ana saura kwana uku a fara, ko dai ta zo ta zauna a benci da ɗanyen jiki, kanwarta na riƙe da jariri a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ko ta bar darussan su zama bashi zuwa baɗi. Akwai damar jingine zango a takarda, amma sai an bi ofis-ofis da takardar asibitin makaranta, kuma akwai iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi kafin a sallame shi. Ga kuma takaba, wata huɗu da kwana goma, kusan tsawon zango guda cur. Jami'ar da ke tsakiyar al'ummar Musulmi ya kamata a ce tana da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan, ba a bar shi ga tausayin shugaban sashe ba, wanda yau mai kirki ne gobe wani ne.

Masu cewa wadda ta tsaya ta tsaya ke nan su dubi Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta sashen fiziks a Bayero. Ta yi aure tana 18 bayan sakandare, sai da ta kai 29 ta shiga jami'a, da 'ya'yanta. A 2015 ta karɓi lambar yabo ta duniya da ake ba mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Da a ce wani sharaɗin shekaru ya tare ta a ƙofa, da babu wanda zai san an yi asara.

Sai kuma batun da ba a son faɗa da ƙarfi. Malamin jami'a na riƙe da wani irin iko da ko alƙali ba shi da shi: shi ke koyarwa, shi ke fitar da tambaya, shi ke duba takarda, shi ke ba da maki, kuma sau da yawa babu ido na biyu. A shekarar ƙarshe abin ya fi muni, domin mai duba kundin bincike zai iya riƙe ɗaliba shekara guda da kalmar “ki dawo gobe” kawai. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne da ke aiki cikin ƙunci. Amma tsarin da ya dogara kacokan ga kirkin mutum ya ba kura ajiyar nama duk ranar da aka yi rashin sa'a. A 2018 wata ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ta naɗi muryar wani farfesa yana cinikin maki da jikinta. Jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC mai yaƙi da rashawa ta kai shi kotu, aka ɗaure shi shekara biyu. A Oktoban 2019 binciken ɓoye na BBC ya fallasa wasu malamai a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. A Agustan 2023 ɗalibai mata na tsangayar shari'a a Kalaba suka fito da kwalaye a kan shugaban tsangayarsu, aka dakatar da shi, ICPC ta gurfanar da shi. Ka lura da abin da ya haɗa ukun: naɗar murya, kyamarar ɓoye, zanga-zanga. Babu wanda ya faro daga ofishin karɓar ƙorafi na jami'a.

Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurin Sanata Ovie Omo-Agege na hukunta malaman da ke neman ɗalibai da lalata a Yulin 2020, mai tanadin ɗaurin da zai iya kai shekara 14, amma Shugaba Buhari ya sauka bai sa hannu ba. ASUU ta soki ƙudurin a zaman jin ra'ayi, tana cewa an ware malamai kamar su kaɗai ne masu laifi a ƙasa, kuma ana taka 'yancin jami'a. Akwai ƙamshin gaskiya a kashin farko na maganar. Amma mai neman a bar shi ya gyara gidansa sai a ga tsintsiya a hannunsa.

Rashin jin irin waɗannan labarai da yawa daga Arewa ba shaidar tsarki ba ne. A wurinmu farashin magana ya fi tsada. Yarinyar da ta kai ƙara ta san abin da zai biyo baya: a gida a ce dama bokon ne ya jawo, a cire ta, manemi ya janye, a unguwa a ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ta kashe shari'u da yawa tun ba a fara su ba. Daddawa ba ta da jarrabawa a hannun ɓera. Jami'o'i da yawa sun amsa matsalar da dokar sutura, masu gadi na tsaye a ƙofa suna auna tsawon siket. Ban ƙi a sa tufafin mutunci ba, amma masu hijabi har ƙasa ma ba su tsira ba, kuma dokar da ke sa ido a kan mai rauni ta kau da kai daga mai iko ta juya al'amari a baibai. Gyaran da ke aiki bai da armashi: takardar jarrabawa ta ɗauki lamba maimakon suna, wani malamin ya sake duba wasu daga cikin takardun, ɗaliba ta iya neman a sake duba nata ba tare da kuɗi mai yawa ko tsoron ramuwa ba, a ba ta damar sauya mai duba kundinta ba sai ta tona asirin kanta ba, ganawa ta kasance a ofis da rana. Wurin kai ƙara kuma ya kasance a wajen sashen, da mata a ciki, da wa'adin kammala bincike. Irin wannan tsari kariya ne ga malamin kirki ma, domin ƙazafi na faruwa, kuma inda ake ajiye shaida a rubuce ƙarya ba ta daɗewa.

Yanzu mu haura bene wajen ma'aikata, inda nake ganin gizo ke saƙar. Tsanin malanta yana da matakai bakwai, daga mataimakin malami mai digirin farko, a bi ta mataimakin lakcara da lakcara na biyu da na ɗaya da babban lakcara da mataimakin farfesa, zuwa farfesa. Tsakanin yawancin matakai sai an yi aƙalla shekara uku, kuma ba shekaru kaɗai ake ƙirgawa ba. Sai da digirin digirgir da adadin maƙalun da aka buga a mujallu. Mu ɗauki mutum biyu da suka fito da sakamako ɗaya, aka riƙe su a sashe ɗaya suna 'yan 25. Shi ya samu tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya tafi Malesiya ko Ingila, ya bar iyali wurin iyaye ko ya tafi da su, ya dawo da digirinsa yana 33, ya zauna rubutu da daddare bayan an kawo masa abinci. A 45 yana iya zama farfesa. Ita kuwa waɗannan shekaru 15 ɗin, daga 25 zuwa 40, su ne na ciki da goyo da yaye da zazzaɓin dare. Tafiya waje shekara uku na buƙatar yardar miji, da amsar tambayar wa zai riƙe yara, ga maganar muharrami ga wadda ta damu da ita. Sai ta yi digirin a gida, tana koyar da aji mai ɗalibai ɗari biyar, ya ɗauke ta shekara bakwai. Ta zama farfesa a 55, kuma ta yi ƙoƙari.

To ga inda lissafin ke cizo. Sanarwar neman shugaban jami'a galibi kan ce mai nema ya kasance ya yi shekaru a matsayin farfesa, sau da yawa goma, kuma kada ya haura 65. Shi ya shiga sahun masu nema tun yana 55, yana da zagaye biyu a gabansa. Ita ranar da ta cika sharaɗin farko, ranar take faɗuwa na biyu. Kwamitin zaɓe zai rantse babu macen da ta nema, kuma bai yi ƙarya ba.

Hutun haihuwa bai warware wannan ba. Dokar ƙwadago ta ba da mako 12, ma'aikatan tarayya na samun 16, Jihar Kaduna ta kai nata wata shida a 2019, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince wa iyaye maza kwana 14. Hutu na ɗauke mata shiga aji, amma ba ya rubuta mata maƙala, kuma sau da yawa tana dawowa za a jibga mata darussan da suka taru kamar mai biyan bashi. Abin da ke taimakawa shi ne a rage mata nauyin koyarwa a zangon da ta dawo, a samu gidan raino a cikin haraba kusa da ajujuwa, a kuma sassauta sharaɗin shekaru a tallafin karatu da na bincike. Majalisar bincike ta Tarayyar Turai na ƙara wa mace wata 18 a kan kowace haihuwa wajen lissafin wa'adin neman tallafinta. Ba a rage mata ingancin aikin da ake bukata ba, agogon kawai aka gyara.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowace takarda. Zaɓen shugaban tsangaya ba ranar zaɓe ake yin sa ba. Ana yin sa a majalisar bayan magariba, a sahun masallaci, a motar zuwa gaisuwar mutuwa, a gidan wani dattijon farfesa da ƙarfe goma na dare. Nan ake jin wane gurbi ne zai buɗe, wa ke neman wanda za su rubuta maƙala tare, wace mujalla ce ke karɓa. Macen da ta kai kanta irin waɗannan wurare za ta samu suna, wadda ba ta je ba za ta ji labari bayan an raba. Idan aka zo rabon kwamitoci kuwa, an san nata: walwala, abincin taro, kula da ɗakunan kwana, lallashin ɗalibar da ta shiga matsala. Ayyuka ne masu cin lokaci da lada, amma ranar ƙarin girma ba su da maki ko ɗaya. Kwamitin kuɗi da na ɗaukar ma'aikata da na bincike, inda ake koyon mulki, can ba a cika tunawa da ita ba.

Jami'o'in jihohi suna da nasu ƙarin ƙulli, na asali. Bakatsiniya da ta auri Bakano, ta haifi 'ya'yanta a Kano, ta yi shekara ashirin tana koyarwa a can, idan babban muƙami ya taso sai a tuna ba 'yar jiha ba ce. A Katsina kuma a ce ai ta bi miji. Cikin ƙudurori biyar na mata da Majalisar Tarayya ta yi watsi da su a Maris na 2022 wajen gyaran tsarin mulki, har da wanda zai ba mace asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Namiji bai san wannan matsala ba ko a mafarki.

Kuma duk wannan maganar ta masu digiri ce. Matan da ke share ajujuwa da wanke banɗakunan ɗakunan kwana, da yawansu ba ma'aikatan jami'a ba ne a takarda, na 'yan kwangila ne. Ba su da hutun haihuwa, ba su da fansho, ba su cikin kowace ƙungiya. Da wuya ka ji an ambace su a taron ranar mata, alhali su suka share zauren.

Ba wai ba a taɓa fasa ƙofar ba. Grace Alele-Williams, masaniyar lissafi, ta hau kujerar Jami'ar Benin a 1985, ita ce ta farko a ƙasar. Gambo Laraba Abdullahi ta shugabanci Jami'ar Abuja. Fatima Batul Mukhtar ta riƙe Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Kaletapwa Farauta ta riƙe ta Jihar Adamawa da ke Mubi kafin ta zama mataimakiyar gwamna a 2023. Legas sai da ta shekara sittin kafin Folasade Ogunsola ta hau a 2022. Abin lura a nan Arewa shi ne duk a ƙananan jami'o'i masu ƙuruciya aka samu hakan, inda ba a riga an kafa dogon layin dattawa masu jiran gado ba. Kuma ba rashin gwanaye ba ne a tsofaffin: Bayero ce ta fitar da Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i da ta yi ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013, a can kuma Hadiza Galadanci take, wadda aikinta kan zubar jini bayan haihuwa ya kai ga sauya yadda ake kula da masu jego a ƙasashe da dama.

Takardun manufa ba mu rasa su ba. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 na muƙamai, har wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar a Afrilun 2022, aka yi biris da hukuncin. Bayero na da cibiyar nazarin jinsi, Ife da Ibadan na da nasu ofisoshin. A kowane taro za a ambaci Nana Asma'u da 'Yan Taru da jajis ɗinta masu malfa, a yi tafi, a ci abinci, a watse. Cibiyar da ba ta da kujera a kwamitin kuɗi ko na ƙarin girma, iyakarta taro. Ingila ta ga haka. Tsarinta na Athena SWAN, mai auna yadda jami'o'i ke tafiyar da wannan batu, ya fara a 2005, amma bai kama jiki sosai ba sai 2011, da hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya ta ce makarantar likitancin da ba ta kai wani mataki a ma'aunin ba kada ta sa rai da manyan tallafinta. Nan da nan shugabanni suka samu lokaci. A wurinmu masu riƙe da irin wannan igiya su ne TETFund mai rabon kuɗin gini da horo, da NUC mai tantance kwasa-kwasai. Tawagar NUC na ƙirga littattafan laburare da kujerun ɗakin gwaji da yawan masu digirin digirgir a sashe. Babu abin da zai hana ta tambayi ina gidan raino, gadaje nawa mata ke da su, ƙorafi nawa aka karɓa bara kuma ina suka kwana.

A Amurka, a jami'ar MIT, wata farfesar ilimin halittu mai suna Nancy Hopkins ta nemi ƙarin fili a ɗakin bincikenta a farkon shekarun 1990 aka hana ta, aka ce ba a tauye ta da komai ba. Sai ta ɗauki tef ɗin awo, irin na tela, ta bi ɗakunan abokan aikinta tana aunawa, ta tarar har ƙananan malamai maza sun fi ta fili. A lokacin, tsangayar kimiyya na da manyan malamai mata 15, maza kusan 200. Aka kafa kwamiti ya auna albashi da fili da tallafi, rahoton ya fito a 1999, shugaban jami'ar Charles Vest ya amsa a bainar jama'a cewa bambancin gaskiya ne, aka shiga gyara.

Namu awon ba ya buƙatar tallafin kowace ƙasa. Shekara nawa mace ke ɗauka daga lakcara na ɗaya zuwa babban lakcara, nawa namiji ke ɗauka? Cikin waɗanda TETFund ta tura karatu daga jami'ar a shekara goma, mata nawa ne? Cikin 'yan matan da suka shiga sashen injiniya ko likitanci, nawa suka fita da digiri, kuma a wace shekara sauran suka ɓace? Su wa ke kwamitin ƙarin girma? Amsoshin duk suna cikin fayil-fayil a ofishin magatakarda da na tsare-tsaren karatu, aikin mako biyu ne ga akawu ɗaya mai kwamfuta, in shugaban jami'a ya sa hannu a ba shi makullin.